Ƙofar da Gwaggo Mujiya Ta Tsare

A bayan idonta Mujiya muke ce mata, a gabanta kuwa Gwaggo, kuma ta san da duka biyun. Ɗakinta yana ƙarƙashin matattakalar benen da muke haya, ɗan ƙuƙut mai taga ɗaya, tagar ma ta toshe ta da kwali don kada rana ta dame ta. Da rana take barci. Idan kowa ya ja ƙofarsa, sai ta fito da kujerarta ta roba ta zauna a gindin matattakala, idanun nan nata manya suna bin duk wanda ya wuce. Ni tela ce, a hawa na biyu nake, kuma ba a san ni da tsoro ba. Amma ko ni, idan dare ya yi mini a waje, tun daga nesa nake yi mata sallama don kada muryarta ta riga ni fitowa daga cikin duhu.

Ƙuruciyarta duk a asibiti ta ƙare, a ɗakin yara, tana aikin dare da bokiti da tsumma. Idan masu jinya sun ɓingire a kan tabarmi, ita kaɗai ce ido biyu a tsakanin gadajen, tana goge ƙasa tana kallon wanda ya motsa da abin da ya motsa shi. Ta yi aure sau ɗaya. Mijin ya gaji da matar da take shigowa lokacin da shi yake fita, suka rabu ba faɗa ba zagi. Ba ta haihu ba. Da ƙafafunta suka fara kumburi aka sallame ta, ta dawo gida, amma barcin dare ya ƙi dawo mata.

Shi ya sa matan layinmu suka mayar da ita likitar barci. Idan yaro ya hana gida sakat, ita ake kira. Ba ta ba da magani, ba ta yin waƙa, muryarta ma ba ta waƙa ba ce. Zane kawai take shimfiɗawa dab da inda yaron yake kwana, ta sa kanta kusa da nasa, ta ce kowa ya yi barcinsa. Da safe sai ta faɗi abin da ta gani. A wani gida rigar uban ce a rataye a ƙusa, idan mota ta wuce haskenta ya yi mata kai da hannaye. A wani gidan firij ne da ke zabura idan an dawo da wuta. A gidan mai gyaran waya kuwa ta ce minsharin maigidan ne, kuma a gabansa ta faɗa. Ladanta kofin shayi ne, da madara mai yawa.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na wani direban bas da matarsa. Ɗansu bai daɗe da iya tafiya ba, bakinsa bai gama buɗewa ba. Kwandasta muke ce masa, don da ya ga uban ya ɗauki makullai sai ya ɗafe masa a ƙafar wando yana ihu. Direban shi ke jan motar ƙarshe, sai dare ya raba yake shigowa. Wata rana bai shigo ba. Wata babbar mota ce ta ƙwace wa mai ita a kan gada ta hau kansa. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai fara'a, ko maɓalli na ɗinka masa sai ya yi ta godiya kamar riga na ba shi.

Tun daga nan Kwandasta ya daina kwana. Zai yi barci da wuri lafiya lau, sai dare ya raba ya tashi, kuma ba zai koma ba sai gari ya waye. Kuka kam na saba da shi, na raini ƙanne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ke zuwa kafin kukan. Ta bango nake jiyo yaron yana ƙyalƙyala dariya, irin wadda yaro ke yi idan an cilla shi sama an cafe. Sai a yi shiru na ɗan lokaci. Sannan kukan ya ɓarke, har muryarsa ta dishe.

Uwar guga take yi a ɗakin wankin wani otal. Ta fara gyangyaɗi a tsaye, har dutsen guga ya ƙona mata bayan hannu. Yaron kuwa da rana ba ci ba wasa, sai lumshe ido. Wuyansa ya zama siriri, kumatun nan da muke ja suka zube. Ta yi duk abin da aka ce mata: wanka da ruwan ɗumi, hana shi barcin yamma, juya gadon ya kalli bango. Duk a banza.

Ana nan sai kakar yaron, uwar marigayin, ta zo daga inda take zaune. Ta ɗaga shi ta auna nauyinsa a hannu, ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba, amma ina ɗakina na ji komai.

"Ɗana ya tafi," in ji ta. "Ba zan zuba ido ɗansa ya bi shi ba. Idan na dawo ƙarshen wata na same shi haka, da shi zan koma."

"Inna, ki yi haƙuri, ina iya ƙoƙarina."

"Na sani. Ƙoƙarin ne bai isa ba."

Na so in ji haushin tsohuwar nan, amma na kasa, domin ni ma na ga wuyan yaron. Na ce wa uwar ta kira Gwaggo. Ta ce to. Kwanaki suka wuce ba ta kira ba. Na sake tuna mata, ta ce ɗakin ba wurin baƙo. Abin ya ba ni mamaki, kuma ya ba ni haushi: mace za a raba ta da ɗanta, tana maganar wurin shimfiɗa! Ni da kaina na sauka na taso Gwaggo, na kai ta har bakin ƙofa da zanenta a hammata.

Da safe ba ta wuce ɗakinta ba, nawa ta shigo. Ta ture ƙyallayen da ke kan kujera ta zauna. Na haɗa mata shayi, ya huce a hannunta ba ta kai baki ba. Ban taɓa ganin haka ba.

"Tela," ta ce, "uwar ce."

"Uwar kamar yaya, Gwaggo?"

"Dare na rabawa ta tashi. Ta zare sakata, ta buɗe ƙofa, ta matsa gefe kamar mai ba wani hanya. Ta ce sannu da zuwa. Shi kuma yaron ya miƙe ya dafa gado, ya ɗaga hannaye yana dariya."

"To, ai ita yake miƙa wa."

"Ba ita yake kallo ba. Sama da kanta yake kallo."

Na tambaye ta me ta gani a ƙofar. Ta ce ba ta ga komai ba. Ta dai ji ƙarar makullai tana hawowa matattakala kafin uwar ta motsa. Na ce haba Gwaggo, a benen nan wa ye ba shi da makulli?

"Ni ce nake kwana a gindin matattakalar nan," in ji ta. "A wannan lokacin ba mai hawa. Ƙarar kuwa na daɗe ina jin ta tana wuce ni. Na ɗauka kunnena ne ya tsufa."

Da yamma da uwar ta dawo aiki muka shiga wurinta. Kwandasta na kwance a cinyarta yana tsotsar yatsa. Gwaggo ba ta iya kwana-kwana ba, kai tsaye ta tambaye ta.

"'Yata, idan kina buɗe ƙofar nan, barci kike ko kina sane?"

Ta daɗe tana shafa kan yaron kafin ta amsa.

"Da farko ban sani ba, Gwaggo. Sai dai in farka in gan ni a tsaye. Yanzu na sani."

"To, ki daina."

"Idan ban buɗe masa ba, ina za shi?"

"Wannan ban sani ba," in ji Gwaggo. "Amma na san inda yaron nan za shi ƙarshen wata."

Uwar ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai gyaɗa kai, ta ce mu kwana da ita, don ita kaɗai ba za ta iya ba.

Na yi niyyar in ce ina da ɗinkin gaggawa, sai Gwaggo ta kalle ni, na haɗiye maganar. Da dare na ɗauko tabarmata. Gwaggo ba ta kwanta kusa da yaron ba a ranar. Ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofa, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Uwar ta hau gado ta ɗora tafin hannunta a bayan yaron, kamar yadda Gwaggo ta ce. Aka kashe fitila.

Benen ya yi ta yin shiru kaɗan-kaɗan. Rediyon hawa na sama ya mutu, famfon baranda ya ci gaba da ɗiga. Na fara ce wa kaina tsohuwa ce ta ruɗe, ni kuma na biye mata. Sai na ji. Can ƙasa, ƙarar makullai a jikin mai tafiya, tana hawowa a hankali, tafiyar mutumin da ya yini a zaune ya gaji. Ta juyo kwanar matattakala. Ta wuce ƙofata. A ƙofar da Gwaggo ta jingina da ita ta tsaya.

Akwai ƙwan lantarki a barandar, haskensa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na runtse ido, don ba na so in san ko wani abu ya tare hasken. Duk mai son ya kira ni matsoraciya ya kira, ba shi ne ya kwana a ɗakin ba.

Gadon ya yi ƙara. Kwandasta ya ɗaga kai, muryarsa cike da barci.

"Baba."

Na ji ƙafar uwar ta taɓa ƙasa. Gwaggo ba ta matsa daga ƙofar ba. Numfashin uwar kawai ake ji, yana fita da ƙyar. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Sannan gadon ya sake ƙara, ta mayar da ƙafar, na ji tana bubbuga bayan yaron a hankali.

"Kwanta," ta ce. "Ba kowa. Kwanta, ɗana, ba kowa."

Yaron ya yi ɗan ƙunƙuni, ya kira uban sau ɗaya kuma, ya yi shiru. A waje ma shiru. Can sai makullan suka motsa, suka fara sauka, a hankali fiye da yadda suka hawo, har na daina jin su. Sai da hasken safiya ya shigo Kwandasta ya buɗe ido, kuma abin da ya fara nema abinci ne.

Ba a dare ɗaya aka gama ba. Gwaggo ta ci gaba da tsare ƙofar nan har bayanta ya ƙage, ni dai daga daren farko na ce na yi nawa. Yaron yakan ɗan motsa, a bubbuga shi ya koma, har ya zo ya daina motsawar ma. Da kakar ta dawo, ta same shi a baranda yana jan gwangwani da igiya yana ihun mota. Ta ɗaga shi ta auna, ta sauke shi, ta sa wa uwar albarka. Ita kaɗai ta koma.

Gwaggo ta mayar da kujerarta gindin matattakala. Na tambaye ta ko tana jin ƙarar har yanzu, ta ce a'a, ta kuma ce in daina tambayar abin da ba na son jin amsarsa. Shayin wannan aikin ba ta taɓa karɓa ba.

Ranar da kakar ta tafi na tarar da uwar tana kwashe shanya a baranda. Na ce mata barka, kin ga ɗanki ya zauna. Ta ce Allah ya saka, tana ninke wata 'yar riga a ƙirjinta. Fuskarta ba ta mai murna ba ce, kuma idanunta sun nuna cewa a ɗakin nan yaron ne kaɗai ke barci.

"Kin san abin da ke ci na, Tela?" ta ce. "Yana tsaye a nan, yana jina, na ce wa ɗansa ba kowa."

Ta ɗora rigar a kan sauran, ta danne da hannun nan mai tabon ƙuna.

"Kuma ko sau ɗaya bai ƙwanƙwasa ba."