Anti Tsaya-tukuna da Yunit Ɗaya

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin masu shara su gama da barandar hawa na biyu. Ta buɗe taga guda, don ɗayar tun da aka yi mata fenti ta ƙi buɗuwa. Ta cire takalmin waje ta sa silifa, ta fiƙe fensira uku, sannan ta jawo takardun da sassa suka aiko jiya. Wannan sashe yana so a soke kwas, wancan yana so a ƙara, wani kuma suna kawai yake so a sauya don ya yi daɗin ji. Shekara ashirin da shida ke nan tana sakatariyar kwamitin manhaja a jami'armu, kwamitin da babu kwas ɗin da zai shiga ko ya fita sai da yardarsa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mu malamai Anti Tsaya-tukuna muke ce mata, a bayan idonta mana. Ka kai takarda kana sauri, ta duba shafin farko kawai, ta ce, "Tsaya tukuna, Dakta." Shi ke nan, sai bayan sati biyu. Na daɗe ina mamakin abin da take yi da takarda mai shafi uku har sati biyu. Jiƙa ta take yi? Wani abokin aikina ya rantse addu'a take tofa wa kowane layi. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, kuma ban samu amsa ba sai da tawa takardar ta faɗa hannunta.

Shekara bakwai da suka wuce ne, ina ɗanyen dakta, kaina yana hayaƙi. Muna da wani tsohon kwas na ƙididdiga a sashen koyon aikin malanta, mai yunit uku. Ga wanda bai saba ba, yunit shi ne nauyin da ake ba kowane kwas, kuma ɗalibi ba ya samun digiri sai ya tara adadin da doka ta yanka, ba ragi ko ɗaya. Na ga kwas ɗin ya tsufa, na rubuta sabo mai yunit biyu, na nemi a soke tsohon. Sashe ya tafa mini, tsangaya ta amince. Saura kwamiti.

Kwana tara shiru, sai na hau hawa na biyun nan a fusace. Na same ta ta haɗa teburi biyu, ta shimfiɗa wata doguwar takarda da ta liƙa da gam, an ja mata layi daga ajin farko zuwa na ƙarshe. A kai ga marafan kwalba guda uku.

"Anti, wasan dara ake yi da takardata?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Zauna, Dakta. Waɗannan 'ya'yana ne. Wannan mai ƙoƙari ne, bai taɓa faɗuwa ba. Wannan ya faɗi kwas ɗaya. Wannan kuwa ta tafi ta daɗe ta dawo. Duk canjin da aka kawo, sai na bi da su ta ciki ɗaya bayan ɗaya, in ga wa zai fita, wa zai maƙale."

Wallahi fushina ya gudu, son sani ya maye gurbinsa. Na ja kujera. Ta tura marfi na farko, ya wuce sumul. Ta tura na biyu, ya kai aji na ƙarshe ya tsaya.

"Ya faɗi tsohon kwas mai uku," in ji ta. "Ya zo maimaitawa, ka soke shi, sai sabo mai biyu. Ina zai samo ɗayan?"

"Ya ɗauki wani kwas ya cike mana."

"In shekarun karatunsa sun rage, haka ne. Na je ofishin jarrabawa na tambaya ko akwai mai irin wannan hali. Akwai mutum ɗaya." Ta miƙo mini lambar ɗaliba a guntun takarda. Malamar firamare ce mai 'ya'ya uku, ta jingine karatu sau biyu tana jinyar mijinta. Wannan ce shekara ta ƙarshe da doka ta ba ta, kuma ta riga ta cika iyakar kwasa-kwasan da ake bari a ɗauka. In takardata ta wuce yadda take, matar nan za ta ci komai ta fita hannu rabbana, saboda yunit ɗaya.

Ina jin kunyar abin da na ce, amma zan faɗa. Na ce, "Anti, ba a tsayar da manhaja saboda mutum ɗaya." Na fice abina.

Ranar zaman kwamiti aka kira ni in kare takardata. Sakatariya ba ta da ƙuri'a a ɗakin nan, ba ta ma da ta cewa, rubutu kawai take yi. Na yi bayani, farfesoshi suka gyaɗa kai, shugaban kwamiti ya ce an amince. Sai Anti ta ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, a taimaka mini, ban san yadda zan rubuta wannan ba."

Ta karanto lambar ɗalibar da halin da take ciki, a jimla huɗu. Wani farfesa da ke ƙagare ya tafi ya ce, "Haba baiwar Allah, mutum ɗaya fa!"

"Haka ne, Farfesa. Ni ai rubutawa ce tawa. Sai in sa cewa an sanar da kwamiti, kuma ya yarda ta tafi ba digiri. Haka zan rubuta?"

Babu wanda ya yarda a rubuta haka da sunansa a jerin mahalarta. Nan take aka ƙara layi ɗaya: tsohon kwas zai ci gaba na shekara guda domin wanda ya rage masa. Shugaba ya tambayi wa zai koyar, ido ya dawo kaina. Haka na yi zango guda ina koyar da kwas ɗin da na kashe da hannuna, ga ɗaliba ɗaya tilo, a ɗakin karatu mai kujera tamanin. Ban taɓa shan wahalar koyarwa irin ta lokacin ba, don ba ta bari in tsallake ko layi.

Anti, ke ce mai tsaron ƙofar da ba wanda ya san akwai ta. Ke ce kika koya mini cewa layin da malami ya goge a takarda, a gidan wani yake sauka. Har yau ina mamakin inda kika samo wannan dabara, kuma da na tambaye ki sai kika ce wai tsoron kuskure ne kawai.

Shekaranjiya na je yi mata sallama, na tarar tana ɗaure fayiloli da zare don wadda za ta gaje ta. Muka taɓa hira, har na miƙe zan tafi, sai ta ce, "Dakta, matar nan. Ta ci kuwa?"

Na tsaya sororo. "Anti, shekara bakwai ba ki sani ba?"

"Sakamako ba ya biyowa ta ofishina. Kuma tsoron tambaya nake yi. In aka ce ta faɗi, ban san inda zan sa raina ba."

Na ce mata ta ci, ta karɓi digirinta, yanzu ita ce shugabar makarantarsu. Anti ta zauna a hankali, zaren yana hannunta, ta ce "Alhamdulillahi" sau uku, hawaye yana bin kumatunta. Ba ta taɓa ganin fuskar matar ba.

Na gode, Anti, a madadina da a madadin waɗanda suka fita da digiri ba su san kin tsaya musu ba. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya jiƙan magabatanki. Ku kuma 'yan'uwana masu zama a kwamitoci, kafin ku ɗaga hannu ku ce an amince, ku aika a binciko wa abin zai faɗa wa. In an ce mutum ɗaya ne, ku tambayi sunansa.