Yadda Na Raba Baba da Muryar Umma

A lokacin da abin nan ya faru ina aiki a Abuja, ina ji da kaina a harkar kayan sauti. Ba sana'ata ba ce, son zuciya ne da kallon bidiyo a waya, amma idan na fara zuba bayani sai ka rantse a kamfanin aka haife ni. Ni ne ɗan fari a gidanmu na Nassarawa GRA, kuma akwai kunya mai kauri tsakanina da Baba. Bai taɓa kiran sunana ba, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Tun bayan rasuwar Umma kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya sosai yake ji, ya kuma ƙi saka abin ƙarin ji, wai yana sa masa ciwon kai.

A falonsa akwai tsohon kayan sautin da ya sayo tun yana aikin gwamnati, har da wani ƙaton akwatin sifika mai fitar da rugugi. Akwai kuma kaset ɗaya da Umma ta naɗa ta aika masa lokacin da ya tafi kwas ƙasar waje, tana gaishe shi, tana ba shi labarin gida, tana dariyar ɓarnar da nake yi ina rarrafe. Kullum bayan la'asar sai ya sa kaset ɗin, ya jawo kujera, ya ɗora tafinsa a kan akwatin. Na sha ganinsa haka, na ɗauka hannu kawai yake hutarwa. Abin da kunnena ya jiyo shi ne sautin ya dagule, murya na fitowa ta ƙaton akwatin a toshe kamar mai magana cikin randa, abin yana ba ni haushi.

Da na zo hutun Sallah na ce yau sai na yi wa Baba abin arziki. Yana masallaci na kwance akwatin, na ciro ɗan allon da ke ciki, wanda masu gyara ke kira kirosoba. Aikinsa raba sauti ne, ya tura rugugi ga babbar sifika, ya bar murya ga ƙanana. Na Baba tsohon yayi ne, yana barin murya ta bi ta babbar, ga kafasitocinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, sun kumbura. Na narka dalma na cire su duka, har da naɗin wayar, na sa sababbi da na zo da su, na tsuke hanyar yadda babu abin da zai wuce sai rugugi zalla. Tsofaffin kuwa na watsa su a kwandon shara. Da na kunna, muryar Umma ta fito tar ta ƙananan sifikun sama.

Baba ya dawo, na yi masa bayani ina ɗaga murya. Ya zauna, ya ɗora tafinsa inda ya saba, kaset na juyawa. Ya daɗe a haka, ya matsar da hannun gefe, ya sake dawo da shi. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, aiki ya yi kyau. Ni sakarai na tattara na koma Abuja ina ba abokai labari.

Bayan wasu watanni ƙanwata da ke aure a Tudun Wada ta kira ni. Ita ce 'yar lelensa, da ita yake sakin baki. Ta ce ta lura ya daina kunna kaset, ta matsa masa da tambaya, da ƙyar ya faɗa mata. Ashe ya daɗe ba ya jin kalmomin Umma da kunne. Da hannu yake jinta. Duk maganar da ta yi katakon yana motsi a tafinsa, ya haddace inda take gaisuwa da inda take dariya. Tun ranar da na yi gyarana katakon ya mutu murus. Ya kuma gargaɗe ta kada ta gaya mini, wai yaron ya wahala, da kyakkyawar niyya ya yi. Wallahi ina riƙe da wayar na rasa inda zan sa kaina. Gyaran ba wuya, wayar lantarki ɗaya zan haɗa muryar ta koma babbar sifikar. Na ce mata ƙarshen wata ina tafe, aiki ya riƙe ni, na ɗaga zuwa wani watan. Kafin na zo an kwantar da shi a asibiti, daga can bai dawo falon ba.

Bayan addu'ar bakwai na shiga na yi aikin, bai kai tsawon shan shayi ba. Na kunna, na ɗora tafina a gurbin da hannunsa ya goge fenti. Umma ta yi dariya, na ji ta har cikin ƙashin hannuna. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yanzu na gane ilimina na allon daidai ne, mutumin da ke gaban akwatin ne ban sani ba, kuma kunyar da nake taƙama da ita ta hana ni tambaya ɗaya tak. Masu karatu, don Allah kada ku taɓa kayan dattijo don kun ga ya tsufa, sai kun zauna kun ga yadda yake amfani da shi. Idan kun yi masa gyara ya sa albarka ya yi shiru, ku aika wanda yake sakewa da shi ya jiyo muku gaskiya. Idan kuma kun ji, ku kama hanya a ranar. Akwatin yana ɗakina yanzu, yana aiki yadda Baba yake so, amma ni kaɗai nake ɗora hannu.