Fim ɗin da Ladan Ya Kasa Gyarawa

Yayana Ladan mai fassarar fim ne a Ƙofar Wambai ta nan Bauchi. Shekara goma sha shida yana zaune a wani shago da bai fi akurkin kaji ba, da kwamfuta da makirufon da ya ɗaure da roba, yana sa Indiyawa da 'yan Sin suna Hausa. Shi ne saurayi, shi ne budurwa, shi ne uwar budurwar. Bai taɓa aure ba. Ni ƙanwarsa ce, Saudatu, ni ke kai masa abincin rana tun rasuwar Innarmu, don haka wannan labari ba a bakin famfo na tsinto shi ba.

Gwanintarsa gyara ce. In jarumi ya ɗaga kwalbar giya, Ladan ya ce zoɓo ne. In yarinya ta bi saurayi ɗaki, ya ɗaura musu aure da baki kafin su rufe ƙofa. Shi ya sa magidanta ke yarda a tura wa iyalinsu aikinsa a waya.

Shagon da ke manne da nasa na Sabitu tela ne, mutumin wajen Dass. Falanki ne kawai tsakaninsu. Duk lokacin da Ladan ya marairaice murya ya ce wa makirufo, "Ina sonki," sai Sabitu ya amso daga bayan falanki, "Ina sonka." Mutanen layi su yi ta dariya, don a Bauchi mun saba da masu Hausar da ba su raba ka da ki.

"Ki ake cewa, bagidaje," in ji Ladan.

"To, na ji. Ina sonka."

Shekarar korona Sabitu ya yi tarin kwana uku ya rasu. Mutum bakwai suka yi masa sallah, kowa nesa da kowa. Aka sa wa shagonsa kwaɗo. Ladan bai yi kuka ba, ramewa kawai ya shiga yi.

Bayan wata bakwai, cikin finafinan da ya sauke daga intanet, aka samu wani na barkwanci na Turawa. Maza biyu annoba ta kulle a gida ɗaya, suna faɗa a kan wanke-wanke, suna ƙona shinkafa, har suka gane son juna suke. Mai hankali gogewa zai yi. In aka ji irin wannan ya fito daga shagonsa, sana'a ta tafi, mutunci ya tafi, mu ma ba mu da bakin magana a unguwa. Na faɗa masa haka da kakkausar murya. Ya ce zai mayar da su wa da ƙane.

Wata Talata bayan azahar na je da kwano. Layin shiru, ko ɗan acaɓa babu. Na tarar da shi zaune, fanka a kashe, gumi ya jiƙa masa riga. Ya miƙo mini abin sa wa a kunne.

"A nan na ce, 'Allah ya bar zumunci, ƙanena.' Sau tara ina ɗauka. Ji abin da ke fitowa."

Na sa. Baturen ya buɗe baki, wata murya ta ce a hankali, "Ina sonka." A ƙarƙashinta kuma keken ɗinki na tafiya, irin na ƙafa. Na cire abin daga kunnena, ƙarar keken ba ta tsaya ba. Daga bayan falanki take zuwa, kuma da idona na ga kwaɗon nan da tsatsarsa lokacin shigowata.

A tsayen nan na tuna abin da ya fi keken ba ni tsoro. Sau nawa na kai wa Sabitu atamfa? "Saudatu, kin zo? Rigarki ta yi." Haka yake ce mini. Bai taɓa kuskuren ka da ki ba, ko sau ɗaya.

"Muryar wa kika ji?" Ladan ya tambaya, idonsa a ƙasa. "In ta Sabitu ce, sai in nemi malam ya zo ya yi tofi, a turara shagon. In kuma tawa ce..."

Bai ƙarasa ba. Na gane hanya ya buɗe mini. In na ce ta mamaci ce, magana ta koma ta aljanu, mu ci gaba da zama yadda muke. Na ji haushinsa, wallahi, na ji haushin kaina da na shekara goma sha shida ina dariya tare da 'yan layi. Tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Muryar wanda ya goya ni ce, ko a mafarki ba zan kasa gane ta ba.

"Taka ce, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya zuba wa ƙofa ido, yana jiran in ɗauki mayafina in fita. Na jawo benci na zauna.