Zanen da Auta ta ce a ƙona

Mai lasifika yana cewa yau shekara bakwai da rasuwar Malama Binta, kuma ga ɗakin da aka sa wa sunanta za a buɗe, jama'a na tafi, ni kuwa ina tsaye gaban bango ina haɗa baƙi da wasali. Binta autata ce. Ni ce uwar da aka ɗauko daga Limawa a motar kwaleji, aka ba kujerar gaba da ruwan gora, don a ce ga mahaifiyar marigayiya ta zo.

Bari in gaya muku aikinta. Koyarwa take yi, amma abin da ya fi cin ranta shi ne yaran da karatu ya taushe. Wani jarabawa ta hana shi cin abinci, wata an saki uwarta, wani yana tafe yana magana shi kaɗai. A garin nan in yaro ya yi haka, ko a ce iska ce, ko a ce sangarta. Auta ta roƙi wani ɗan ɗaki a kwalejin, ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye takardu da alli mai launi. Duk wanda ya shigo ya cire takalmi, ya zauna shiru, ya saurari numfashinsa yana shiga yana fita, har kafaɗunsa su sauka. Sannan ya zana abin da baki ya kasa faɗa. Ba maki, ba gyara, ba mai tambayarsa me yake nufi.

Na taɓa ce mata, "Auta, duk bokon nan a wasan yara za ki ƙare?" Ta ce, "Inna, ke da kina takabar Baba faifai nawa kika saƙa?" Gaskiyarta, don har maƙwabta sai da na rabawa.

Dokarta ɗaya ce. Abin da ka zana a ɗakin nan ido na uku ba ya gani. Ka rubuta sunanka a baya da fensir, a sa a akwatin ƙarfe, a kulle. Ƙarshen zango kowa ya ɗauki nasa, a taru a bayan ɗaki, a hura wuta a kasko, ka jefa da hannunka. Takan ce musu ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ciwo ya kayar da ita a tsakiyar zango, akwatin yana cike. A gadon asibiti ta miƙa mukullin ga Rabi, ƙawarta tun suna sakandare, yarinyar da ta ci tuwo a akushina, take ce mini Inna. Ta ce, "Rabi, in ban tashi ba ki ƙona." Rabi ta ce wallahi. Ina zaune ina yi mata fifita, ba labari aka ba ni ba.

Yanzu Rabi dakta ce, abin kuma ya samu dogon suna na Turanci, har baƙi ake gayyata. Waɗanda suka ce Binta ɓata lokacin yara take yi, na gan su ranar sanye da riga mai hotonta. Ina yawan tunanin me za ta ce da ta leƙo. Na san za ta ji daɗi cewa yau ɗalibi zai ce zuciyata ba lafiya, ba a yi masa dariya ba. Sabon ɗakin ma yana da fanka da kujeru masu taushi. Wannan ban raina ba.

Amma bangon nan, zanen akwatin ne aka lilliƙe daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙarƙashin kowanne ga suna, ga garinsu, da manyan baƙaƙe. Auta ce ta tura ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ta rasu ban wuce haɗa baƙi da wasali ba. Wataƙila Rabi ta zaci can na tsaya. Ban tsaya ba. Da ban iya karatu ba, da na tafa tare da su, na ci shinkafa na tafi gida ina sa albarka.

Can tsakiya na ga wata mai goyo ta ba wani zane baya, ta tsaya ƙyam, ba ta ko motsi. Na gane ta. Tana cikin yaran da Auta kan kawo mini gida su ci abinci, a lokacin idonta duk ya faɗa. Yanzu tana koyarwa a firamare ta wajen Miga. An gayyace ta cikin tsofaffin ɗalibai, ta zo da mijinta da uwar mijinta, ba ta san abin da ke bango ba. Ta yarda in faɗi wannan, ban da suna. Abin da take karewa da bayanta rijiya ce, da takalman mace an jera su a bakinta. Ga mijin yana tahowa ta jikin bango, yana karanta wa tsohuwarsa sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Na ce mata matsa, 'yar nan. Na ɓalle zanen da sunan, na naɗe, na cusa a mayafina. Na wuce na gaba, na ɓalle. Tafi ya tsaya.

Rabi ta taho da sauri tana murmushin dole. "Inna, don a san aikinta ne. Baƙi suna son su ga shaida."

Na ci gaba da ɓallewa.

"Inna, don Allah, ana ɗaukar hoto."

Na ce, "A ɗauka. Wallahin da kika yi a asibiti ne aka manta ba a ɗauka ba."

Da baƙo ne ya fasa akwatin, sai in ce bai sani ba. Amma da ɗan gari akan ci gari. Alƙawari kaya ne, Rabi ta ɗauka a gabana, ta je ta sauke shi inda ake tafi. Yaran nan sun buɗe cikinsu ne don an ce musu wuta ce za ta gani. Wa zai ƙara shiga sabon ɗakin ya zana gaskiyarsa, in ya san bayan shekaru za a manna ta da sunan ubansa?

Allon da aka kafa mai sunan Binta, rana za ta cinye fentinsa. Ni abin da na gani ya rage na autata ranar shi ne yarinyar nan, da goyonta, takalmanta a ƙafarta.

Sai da na ɓalle zanen duka. Ban jira motar kwaleji ba, adaidaita na tsayar. Washegari da hantsi yarinyar nan ta yi sallama a Limawa ita kaɗai. Na fito da kasko tsakar gida, na hura wuta. Na sauran ni na zuba, ban duba ba. Nata na miƙa mata. Ta cire takalmi, ta zauna, ta ja numfashi, ta jefa da hannunta.