Kunun Hajiya da Na Kira Giya

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba na jin zan manta abin da robar kunun zaƙi ta yi mini a Guangzhou, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da nake zuwa sarin riguna a kasuwar Baima.

A lokacin ba mu da yawa a garin, sai ranar Juma'a muke ganin juna a Masallacin Huaisheng. Akwai wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi da mijinta ke harkar tura kaya, sai ciwo ya kwantar da shi. Ita kuma ta samo geron Sinawa, ta haɗa da citta da dankali da kanumfari, tana dama kunun zaƙi tana ɗurawa a robobin ruwa. Da shi take riƙe gidan. In an idar da salla, sai ka ga manyan alhazai sun yanyame ta a bakin titi.

Ni kuwa na naɗa kaina alƙalin abinci. Mahaifiyata mai kunun zaƙi ce a Fagge, kuma babu wanda ban faɗa wa ba. Duk abin da aka saya sai an dubi fuskata, in na yatsina shi ke nan. Ina jin daɗin wannan sarauta, ba zan ɓoye ba.

Wata Juma'a na sayi roba biyu. Hajiya ta ce in sha a yau, na ce to, hankalina yana wani wuri. Na ajiye su a taga a ɗakina na otal a unguwar Liuhua, na bi abokina zuwa wani kamfanin ɗinki a bayan gari. Ban dawo ba sai Litinin, ga shi ana zafin nan mai maƙale wa mutum a jiki. Na tarar robobin sun kumbura sun yi tim. Ina murɗa marfin guda, kunu ya yi tsiri har rufin ɗaki. Na kurɓi ragowar, na ji tsami da wani wari irin na burkutu. Na tofar, na kurkure baki ina ta istigfari, sannan na bi ɗaki ɗaki ina shelar cewa Hajiya giya take sayar wa Musulmi. Ban ce wa kowa kwana uku ya yi a taga ba, don wallahi ko tunawa ban yi ba.

Juma'ar da ta zagayo ko mutum ɗaya bai tsaya wurinta ba. Ina kallo ta kinkimi jakunkunanta a cike ta tafi, ni kuma ina ganin na ceci jama'a.

Ranar Litinin da safe 'yar Sinawan da ke karɓar baƙi ta bugo ɗakina, wai lawban, wato maigida da yarensu, ana nemana. Na sauko cikin farar shadda, na tarar da Hajiya zaune da jaka, abokaina sun kewaye ta. Muka gaisa, ta zuba mini kunu a kofi, ta ce na yau da asuba ne. Na sha don kunya. Sanyi, zaƙi, ga cittar nan tana bin maƙogwaro. Ban san lokacin da na miƙa kofin aka ƙara mini ba, har sau biyu.

Sai ta ciro wata roba kumburarriya, ta ce cikin waɗanda suka yi kwantai ranar Juma'a ce, kwana uku ke nan tana taga. "Ɗana, kai ne masani. Buɗe mana."

Na buɗe. Marfin ya tashi da hulata, kunu ya wanke ni tun daga gemu har takalmi. Mai karɓar baƙi ta nutse a bayan tebur, abokina ya zube ƙasa yana dukan kujera, wani Alhaji ɗan Damagaram ya yi dariya har ya shaƙe sai da aka bubbuga masa baya. Ni ma dariyar nake yi, kunu yana ɗiga daga girata.

Hajiya kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, ta ce a hankali, "An ce mahaifiyarka kunu take yi. Da wani ya ajiye nata kwana uku a rana, ya fito ya ce giya take sayarwa, yaya za ka ji?"

Nan dariyata ta ɗauke. Na tuna yadda tsohuwa take zubar da duk wanda ya kwana, ba ta ko bari mu ɗanɗana. Na san wannan tun ina yaro, girman kai ne ya rufe mini ido.

Juma'a ta gaba na tsaya kusa da jakunkunan Hajiya, na faɗi laifina da ƙarfi kowa ya ji, na shanye roba guda a tsaye. Kafin a watse kunu ya ƙare tas. Daga ranar kuma ba ta ƙara sayar mini ba sai in zan sha a gabanta.

Abin da na koya shi ne, kafin ka sayi abin sha ka tambayi yaushe aka yi shi, kafin ka kushe shi kuma ka tambayi kanka kwana nawa ya yi a hannunka. Kunun Hajiya lafiyarsa lau ya bar hannunta. A tagata ya lalace, kuma saura kaɗan bakina ya hana mijinta mara lafiya abinci.