Gajerun Sifanonin Baba Shekari

Kafin ƙarfe shida na safe Baba Shekari ya riga ya baro gidansa na unguwar Television a kan tsohon kekensa, jakar kayan aiki ɗaure a kariya, ya ratsa ta Barnawa ya gangara bakin Kogin Kaduna. Shekara goma sha tara yana wannan sammakon. A can jirgin ruwa yake ɗaure, wani tsohon jirgin ƙarfe mai inji a ciki, da ke tsallakar da ma'aikata da mata 'yan kasuwa idan ruwa ya kawo, ya hutar da su zagayen gada. Jirgin na wani kamfani ne da ba zan kira sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, bai dai cancanci a haɗa sunansa da na Baba a takarda ɗaya ba ne.

Baba ba ya farawa da inji. Yakan ɗaga wani katako a bayan injin, ya durƙusa, ya cusa kansa cikin ramin da ko akuya ba za ta juya a ciki ba. A nan ne sandar da ke juya farfela ta huda jikin jirgi ta fita cikin ruwa. Bakin wannan hudar akwai wani ƙoƙon tagulla da makanikai ke kira gilan. A cikinsa ake cusa fakin, wato igiya mai maiko da ke rungume sandar ta hana kogi shigowa. Noti biyu ke riƙe da shi, babba mai matse fakin, da siriri mai kulle babban don kada ya warware. Ran mutum talatin da ke zaune a sama suna hira da gardamar farashin doya, duk a kan notin nan biyu yake, kuma babu ko ɗayansu da ya taɓa ganinsu.

Abin da Baba ya sani, wanda masu teburi ba su sani ba, shi ne gilan dole ya ɗiga. Idan sanda na juyawa, ruwan nan kaɗan da ke tsattsafowa shi ke sanyaya fakin. Ka matse shi ya bushe, fakin ya ƙone, kogi ya shigo maka da gaske. Shi ya sa Baba yake ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashi, ya sa Ambrose direban jirgin ya tayar da inji, shi kuma ya zuba wa agogonsa ido yana ƙirga ɗigo. Shida zuwa goma a minti, lafiya lau. Sannan ya ɗora bayan hannunsa a kan tagullar kamar uwa mai duba zazzaɓi. In da ɗumi-ɗumi, ya rufe katako. In da zafi, babu wanda zai hau jirgin nan sai ya gyara.

Da sifana biyu yake wannan gyaran, kuma ba a kanti ya saye su ba. Sifirin tsohuwar tipa ya samo a Kakuri, ya kai wa maƙeri aka yanka masa, ya zauna da magagari sati biyu yana goge bakinsu har kowace ta zauna wa notinta daram. Ya yi su sirara don su shiga ramin, ɗaya ta riƙe babban noti, ɗaya ta kwance na kulle. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne hannayensu, don ba su wuce taƙi ɗaya ba. Ambrose ya taɓa tsokanarsa ya ce, "Baba, ƙarfen ne ya ƙare maka, ko rowa ce?"

"Da gangan na yanke," in ji Baba. "Tagulla ba ta son ƙarfi. In ka ba mutum dogon hannu, ƙarfinsa zai fi hankalinsa. Wannan ko ka yi fushi da matarka ka zo aiki, ba za ta bari ka wuce gona da iri ba."

Kai ne ka yi wannan tunanin, Baba, kai da karatunka bai wuce aji huɗu na makarantar mishan ba. Ka san halin tagulla, ka kuma san halin ɗan Adam, ka ƙera kayan aikin da zai kare ɗaya daga ɗaya. Shekara goma sha tara ba a taɓa jin jirgin nan ya sha ruwa ba, kuma don ba a ji ba, sai aka ɗauka ba ka yin komai.

A daminar 1985 aka kawo sabon manaja, Oga Benson. Matashi ne mai digiri da farin takalmi, kuma an ce masa manyan kamfani za su zo duba jirgi. Ya sa aka shafa fenti, aka wanke benci, sannan ya ce a ɗaga masa katakon nan ya gani. Da idonsa ya faɗa kan gwangwanin madara da ruwa a ciki, sai ya yi kamar an zage shi.

"Baba, mene ne wannan? Jirgi yana yoyo ka tara masa gwangwani kamar ɗakin da jinkarsa ta lalace?"

"Yallaɓai, ba yoyo ba ne. Haka ake barinsa. Ruwan ne ke hana shi ƙonewa."

"Ka matse shi."

"In na matse, zai ci fakin, Yallaɓai."

Oga Benson ya ɗauki sifanonin Baba da yatsa biyu, ya juya su, ya yi dariya. Ya ce ai ga matsalar nan, da waɗannan cokulan wa zai iya matse noti? Washegari ya zo da sabuwar sifanar famfo, irin mai haƙoran nan, doguwa kamar hannun mutum, ja wur tana ƙyalli. Ya miƙa wa Baba a gaban kowa. Baba ya duba ta, ya ce wannan ta bututun ƙarfe ce, haƙoranta za su cinye kusurwoyin noti, tsawonta kuma zai sa a matse fiye da kima. Ya ce shi dai ba zai ɗora ta a kan gilan ba, ko da kuwa aikinsa ne zai tafi.

Aikin nasa kuwa ya tafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, balle an haɗa masa da kujera. Aka ba shi takardar tuhuma, bayan kwana huɗu aka ba shi ta sallama. A lokacin ana ta rage ma'aikata ko'ina a Kaduna, don haka babu wanda ya ɗaga kai don an kori wani tsohon makanike. Abin da ya fi yi wa Baba ciwo ba korar ba ce, kalma ɗaya ce a cikin takardar. An rubuta cewa an sallame shi saboda sakaci. Mutumin da bai taɓa barin rana ta riga shi zuwa bakin kogi ba, shi aka kira mai sakaci, kuma wanda ya buga hatimin ko kunya bai ji ba.

Oga Benson ya ɗauko wani mai gyaran famfo daga Trikania mai suna Monday. Ban ga laifin Monday ba, kuma Baba ma bai gani ba. A sana'arsa famfon da ke ɗiga abin kunya ne, kowa da abin da aka koya masa. Ya kama noti da jar sifanar, ya danna da ƙafa, ya matse har ramin ya bushe ƙayau. Haƙoran suka gutsure tagulla, kusurwa shida suka koma kamar ƙashin da kare ya gwaguya. Manya suka zo, suka leƙa, suka yaba da tsabta, suka hau motocinsu suka tafi. Ko inji ba a tayar musu ba.

Da yamma Ambrose ya je Television ya faɗa wa Baba abin da aka yi. Ya ce shi kam tsoro yake ji, amma yana da yara biyar, in ya ƙi tuƙi gobe shi ma takardarsa na nan tafe. Baba bai zage shi ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, ko akwai gefen notin da ya rage lafiya. Ambrose ya ce biyu. Baba ya ɗauko ragowar fakin da yake da shi a gida, ya yanka zobe uku daidai kaurin sandar, don ya san awonta kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ya shafe su da giris ya naɗe a leda.

Washegari da safe ya bi layi kamar kowa, ya yanki tikiti, ya hau jirgin da ya rena shekara goma sha tara a matsayin fasinja. Ya zauna a bencin baya, jakarsa a kan cinya. Ranar farko aka je aka dawo, yana jin warin da babu wanda ya ji. Ya aika wa manaja saƙo, aka ce a faɗa masa shi yanzu ba ma'aikaci ba ne. Rana ta biyu ma ya hau.

Abin da ya faru a rana ta uku, daga bakin Mama Dorcas na ji shi, mai sayar da tumatir, wadda ke zaune kusa da shi. Watan Agusta ne, kogi ya cika ya yi ja, mutum talatin da biyu a jirgi, har da mata masu goyo. Sun kai tsakiya sai ta ji ƙauri kamar tsumma na ci da wuta. Kafin ta yi magana Baba ya miƙe, ya ce, "Ambrose, kashe inji." Bai ɗaga murya ba, amma Ambrose ya kashe. Da aka ɗaga katako hayaƙi ya tashi, a bayansa kuma ruwa, ba ɗigo ba, feshi. Fakin ya ƙone ya zama gawayi, jirgi kuma babu inji, ruwa na jansa zuwa duwatsun da ke ƙasa.

Ambrose ya rarumo jar sifanar, ita kaɗai kamfani ya bari a jirgi. Baba ya ce, "Ajiye wannan, ita ta kawo mu nan." Ya juya ga matan ya ce duk mai kwano ta juye abin da ke ciki ta kama kwalfar ruwa. Mama Dorcas ta ce ita ta fara, ta kifar da tumatir ɗinta kwano guda a kogi tana kallo yana tafiya. Baba ya kwanta rub da ciki a cikin ruwa, ya lalubo gefe biyun nan da suka rage, ya zura siraran sifanoninsa, suka kama. Ya kwance na kulle, amma babban noti ya ci ya lalace, dole sai da hannu za a ƙarasa warware shi, tagullar kuwa ko ruwan da ke feshi bai gama sanyaya ta ba. Ya kama da tafin hannunsa na dama ya murɗa. Mama Dorcas ta ce ta ga fuskarsa a lokacin, kuma har yau ba ta son tunawa.

Ya zaƙulo ƙonannen fakin da ƙugiyar waya, ruwa na dukan ƙirjinsa. Ya cusa zobensa uku ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da noti, ya matse kaɗan, ya tsaya. Ya ce a tayar da inji. Jirgi ya juya ana hango kumfar duwatsu. Wata mata ta leƙa ta ce, "Baba, har yanzu yana ɗiga fa."

"Ki gode wa Allah da yake ɗiga, 'yata," in ji shi.

Mutum talatin da biyu suka taka ƙasa, babu wanda ko takalminsa ya ɓata. Kai ne ka sauke su, Baba, da tikitinka na fasinja a aljihu. Sarkin haƙuri, mai hannun da kogi ya sani.

To, sai me kamfani ya yi? A nan ne raina ke ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. An rubuta rahoto cewa tsohon fakin da makaniken da aka sallama ya bari ne ya jawo matsalar, kuma hukumar jirgi ta shawo kanta cikin gaggawa. Aka bar jaki aka doki taiki. Babu sunan jar sifana a rahoton, babu na wanda ya sayo ta. Oga Benson ya sami ƙarin girma bara, yana wani gari yana ba wasu umarni. Ambrose ya je ofis don ya faɗi gaskiya, aka tambaye shi ko ya gaji da aiki ne. Mama Dorcas ta tara mata bakwai suka je, aka bar su a benci daga safe har aka tashi, ko ruwan sha ba a ba su ba.

Shekara biyu ke nan. Baba yana nan Television, ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana gyaran injin niƙa. Hannunsa na dama ba ya dunƙulewa sosai, tabon notin yana tafinsa. Sifanonin kuwa ba sa wurinsa. Tun ranar ya miƙa wa Ambrose, ya ce jirgin bai yi masa laifi ba, mutanen da ke hawa ma haka. Da su ake gyaran gilan ɗin har yau, a ɓoye kamar kayan sata, gwangwanin madara ma ya koma wurinsa. Kamfanin da ya ce Baba mai sakaci ne, da kayan aikinsa jirginsu yake tsallake kogi.

Da na je na ce masa zan yi rubutu a kansa, na ɗauka zai ce a bar wa Allah, kamar yadda dattawa kan ce. Bai ce ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar sallamar daga cikin Littafi Mai Tsarki inda yake ajiye ta, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan kalmar.

"Ba na son su mayar da ni," ya ce. "Ba na son kyauta. Jikokina sun fara karatu. Wata rana zan mutu, za su buɗe wannan su karanta. Wannan kalmar kawai nake so su cire."

Mun gode, Baba Shekari. Mun gode a madadin talatin da biyun nan, da dubban da ka tsallakar ba su san da kai ba. Ku kuma matasan da ke riƙe da sifana a Kakuri da Sabon Tasha, ku yi koyi da shi, ku zaɓi kayan aikin da ya dace da aikin, ba wanda ya fi ƙyalli ba, in kuma an ce ku matse abin da kuka san zai ƙone, ku ce a'a. Masu kujera kuma, in tsoho ya ce muku a bar abu ya ɗiga, ku tambaye shi dalili kafin ku nemi biro.

Kalmar tana nan a fayil ɗinku, kun san inda take. Baba ya haura sittin, kuma kullum yana tambayar Ambrose ko an aiko da wata takarda daga ofis. Jiya ma ya tambaya.