Ludayin Gwaggo Saratu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Saratu a Sabon Gari ya san gaisuwarta. Babu wani "sannu da zuwa". Sai ta kanne ido ɗaya, ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce, "Ban yarda da kai ba. Zamna ka sha kunu." Fasto ya sha wannan gaisuwa, mai unguwa ya sha ta, ku ma da kuke murmushi yanzu kun sha.

Ni kuwa Rahila, ɗiyar ƙanenta da ta riƙa tun daga yaye, na sha ta fiye da kunun. Shekara ashirin ina surfa mata gero, ina jiƙa tsamiya, amma ludayin rabo ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa ba. A gabanta dariya nake yi, a ɓoye abin yana cin raina. Burina ɗaya ne, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu in ji ta ce ta yarda da ni.

Kun san aikinta. Kowace safiya bokitin kunu mai murfi take kaiwa gidan likita, ta raba wa marasa lafiyan da ba su da mai jinya. Ɗan kabu-kabunta ɗaya ne, Malam Isufu, magidanci mai furfura. Amma ko ya ya kauce wa rami sai ta daki bayansa.

"Kai! Ina za ka kai ni?"

"Haba Gwaggo! Shekara bakwai fa nike kai ki wurin nan."

"To sai mi? Ɓarawon ƙwarai haƙuri gare shi."

Akwai wani mutumin Jiratawa da ya riƙa zama bakin ɗakin marasa lafiya, ƙafa ɗaure da tsumma, yana nishi kamar ransa zai fita. Kwana uku tana zuba masa, ran na huɗu ta tsaya a kansa da ludayi.

"Bawan Allah, jiya ƙafar hagu ce, yau ta dama. Ciwon naka yawo yake?"

Mutum ya rasa inda zai sa kansa. Na ce a raina, yau kashinsa ya bushe. Sai na ga ta zuba masa ludayi biyu maimakon ɗaya.

"Sha. Ƙafa ta yi ƙarya, ciki bai yi ba. Gobe ka zo ba tsumma, kada ka ɓata wa matarka zane."

Mutum ɗaya ne na san ya shiga ranta farat ɗaya, wani dattijo daga Tibiri, Malam Habu, da ya karye a cinya. Da ta miƙa masa kwano sai ya ja baya, ya kanne nasa idon.

"An ce ke Kirista ce. Mi kika sa ciki?"

"Gero da tsamiya."

"Sai mi?"

"Sai addu'a."

"Ahaf! Na faɗa! Ban yarda da ke ba."

Jama'a, ban taɓa ganin Gwaggo cikin murna irin ta ranar ba. Ta tafa hannu, ta ce, "Madalla! Yau na samu mai hankali a garin nan!" Ta kurɓi kunun a gabansa, shi kuma ya jira ya ga ba ta faɗi ba, sannan ya karɓa. Wata biyu suna haka, kullum sai ta ɗanɗana, kullum sai ya jira. Idan rana ta karkata ta ga yana gyangyaɗi, ita ke kawo masa buta. "Tashi ka yi sallarka, kada a ce kununa ne ya hana ka." Ran da aka sallame shi har hawaye ya yi. Ta ce na wayo ne, amma sai da ta raka shi tasha.

Ranar da Fasto ya kira ta gaban majami'a zai ba ta turmin atamfa saboda hidimarta, ƙin tashi ta yi. Daga kan bencinta ta ɗaga murya, "Mi kuke nema wurina? In ka ga ana shafa wuyan rago, wuƙa ake nemar wa wuri!" Majami'a ta ruɗe da dariya, atamfa kuma ta ƙare a jikin wata mai jego da aka kawo likita da zane ɗaya.

A hanyar gida ranar na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, mutanen da ba ki yarda da ko ɗayansu ba, don mi kike kashe kanki a kansu?"

Ta tsaya cak. "Ke dai ba ki da wayo. Yesu da ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, bai san akwai maci amana cikinsu ba? Ya sani sarai, kuma bai tsallake ƙafarsa ba. Ni ba a aiko ni in yarda da mutane ba, aiko ni aka yi in ba su kunu."

Da ciwo ya kwantar da ita, ludayin ƙarƙashin matashinta yake kwana. Sati guda marasa lafiya ba su ga bokiti ba, kullum sai ta ce gobe za ta tashi. Wata safiya na dama kunu kamar kullum, Malam Isufu yana jira a ƙofa, sai ta kira ni. Muryar ta shige, amma idon nan ɗaya yana kanne.

"Rahila."

"Na'am, Gwaggo." Na ce a raina, yau zan ji ta ce ta yarda da ni.

"Ban yarda da ke ba."

"Na sani, Gwaggo."

"Za ki tsinka shi da ruwa. Kuma za ki fara da masu daɗin baki. Ki fara da na ƙuryar ɗaki, wanda bai magana."

Ta zaro ludayin, ta sa a tafina, ta danne yatsuna a kansa da hannunta biyu. Ina kuka na hau mashin. Malam Isufu ya dubi abin da ke hannuna, ya ce a hankali, "Ni fa ko murfin bokitin ba ta taɓa bari na taɓa ba." Kafin mu dawo ta cika.

Yanzu ni ke rabo, kuma daga ƙurya nake farawa. Ya Ubangiji Yesu, ga baiwarka Saratu nan ta iso. In ta tsaya a ƙofa tana kanne wa mala'iku ido, ka yi mata haƙuri, halinta ne. Kai kaɗai ta yarda da kai. Ka zaunar da ita, ka ba ta ta sha, ta gaji. Amin.